WUTAR TUDU A JIRGIN RUWA MAI ƊAKI: YADDA AKE JONA TA DA YADDA AKE TSARE TA

 

1. Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne yadda ake shigar da wutar lantarki daga tudu zuwa cikin ƙaramin jirgin ruwa mai ɗaki, da yadda ake rarraba ta bayan ta shiga. Jirgin da nake nufi shi ne irin wanda ake yawon shaƙatawa da shi a tafkuna da koguna da bakin teku a Amurka da ƙasashen Turai. Galibi tsawonsa yakan kama daga mita 8 zuwa 14, yana da inji, da wurin kwana, da ɗan madafi, da makewayi. Sa'ad da yake tafiya, inji da batir ke ba shi wuta. Idan kuwa ya dawo matsaya aka ɗaure shi, sai a jawo masa wutar gari da wata kakkaurar waya daga wani turke da aka kafa a bakin ruwa. Wannan wuta ita ce za mu riƙa kira wutar tudu.

Magana guda nake so mu tashi da ita. Wutar lantarki ba ta fita daga tushenta sai tana da hanyar komawa, kuma duk hanyar da ta samu a buɗe za ta bi. A gida, bango da busasshen daɓe sukan rufa wa kuskure asiri shekara da shekaru. Jirgi kuwa a kan ruwa yake zaune, ruwa kuma hanya ce ga wuta. Saboda haka duk kayan da za mu ambata aikinsu ɗaya ne, watau su tsare wuta a kan hanyar da aka shata mata, su kuma katse ta da zarar ta kauce.

2. Ma'aunai

Kafin mu shiga jirgi, ya kamata mu san ma'aunan da za mu yi aiki da su. Mu ɗauki misalin ruwan famfo. Ƙarfin da ke tura ruwa cikin bututu shi ne kwatankwacin abin da ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa shi ne kwatankwacin amfiya. Ƙuncin bututu, wanda ke hana ruwa gudu, shi ne kwatankwacin turjiya, ana kuwa auna ta da om. Aikin da wutar ke yi, kamar tafasa ruwa ko juya fanka, da wat ake auna shi, kuma ana samunsa idan aka ninka bolt da amfiya. Alal misali, bolt 120 sau amfiya 30 ya ba da wat 3,600. Akwai kuma ƙaramin ma'auni da ake kira miliamfiya, watau kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. A riƙe shi da kyau, domin da shi ake auna wutar da ke kashe mutum.

3. Wuta iri biyu a jirgi guda

Jirgi mai ɗaki yana ɗauke da wuta iri biyu. Ta farko ita ce ta batir, mai bolt 12 a yawancin ƙananan jirage, wadda ke miƙewa gefe guda ba ta juyawa. Ita ke tayar da inji, ta kunna fitilu da rediyo, ta kuma juya famfon da ke kwashe ruwa daga cikin jirgi. Ta biyu ita ce wutar tudu, mai kai-da-komo, irin wadda ke gidajenmu. Ita ke ɗaukar manyan kaya kamar hitar ruwan wanka da na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ke tsakanin su biyun shi ne caja, wadda ke karɓar wutar tudu ta sauya ta, ta cika batir.

Tilas ne kowace ta bi wayoyinta, kowace kuma da allonta, ko kuwa allo ɗaya da aka raba gida biyu da shinge a bayansa. Dalili shi ne, wayar batir da ke komawa a jone take da jikin inji, inji kuma a jone yake da sandar farfela da ke cikin ruwa. Ashe ke nan duk ranar da wutar tudu ta tsallaka ta shiga wayoyin batir, ta sami hanyar da za ta kai ta ruwa kai tsaye. Za mu komo kan wannan.

4. Daga turke zuwa jirgi

Turken wuta yana da soket da kuma na'urar katse wuta, wadda masu gyaran wuta ke kira bireka. A Amurka, ƙananan jirage galibi suna karɓar bolt 120 da amfiya 30, wutar kuma tana kai-da-komo sau 60 a daƙiƙa. Fulogin yana da ƙafafu uku masu lanƙwasa, ana cusa shi a murɗa ya maƙale, sa'an nan a ɗaure shi da zobe don kada motsin jirgi ya fizge shi. Manyan jirage sukan karɓi amfiya 50. A Ingila da sauran ƙasashen Turai kuwa bolt 230 ne da amfiya 16, sau 50 a daƙiƙa, fulogin kuma shuɗi ne mai ƙafafu uku zagayayyu. In muka yi lissafi, bolt 230 sau amfiya 16 ya ba da wat 3,680, kusan daidai da na Amurka.

Wannan bambanci ya shafi duk wanda ya sayo jirgi daga wata ƙasa. Wutar Nijeriya irin ta Turai ce, don haka jirgin da aka ƙera don Amurka, in aka kawo shi Legas aka jona shi kai tsaye, kayansa za su ƙone. Taransifoma tana iya rage bolt 230 zuwa 120, amma ba ta iya mai da 50 ta zama 60. Motar da ke cikin na'urar da aka yi don 60 za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, tana kuma iya yin zafi.

A cikin kakkaurar wayar nan akwai wayoyi uku. Ta farko ita ce mai kawo wuta, baƙa a Amurka, ruwan ƙasa a Turai. Ta biyu ita ce ta komawa, fara a Amurka, shuɗiya a Turai. Ta uku ita ce wayar ƙasa, kore a Amurka, kore da rawaya a Turai, wadda ba ta ɗaukar wuta muddin kome yana tafiya daidai. A lura da wani tarko a nan. A tsohon tsari, baƙar waya ita ce kuma wayar komawa ta batir. Mai gyara yana iya kama baƙar waya yana zaton ta batir ce, alhali bolt 120 ke cikinta. Shi ya sa yanzu masu ƙera jirage a Amurka suka fi son sa rawaya a madadin baƙa a gefen batir.

Jona wuta yana da tsari, kuma tsarin yana da hikima. Da farko a kashe babbar birekar jirgi, a kashe ta turke. Sa'an nan a fara cusa wayar a jikin jirgi a ɗaure zobenta, daga baya a kai ɗaya bakin a cusa a turke. Sai a kunna birekar turke, a duba allo, in babu alamar kuskure a kunna babbar birekar jirgi, ƙananan su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Wajen cirewa sai a juya tsarin, a kashe duka, a fara zare bakin turke. Manufa ita ce kada mutum ya taɓa tsallakawa daga tudu zuwa jirgi yana riƙe da waya mai wuta, domin santsi ɗaya ya isa ya jefa shi ruwa tare da ita.

5. Allon rarraba wuta

Wurin da wutar tudu ke fara sauka shi ne babbar bireka. Ƙa'idar ABYC, watau majalisar da ke tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jiragen ruwa a Amurka tun 1954, ta ce kada tsawon waya tsakanin mashigar wuta da wannan bireka ya wuce ƙafa 10, kimanin mita 3, domin duk wayar da ke gabanta jirgi bai tsare ta ba.

Babbar birekar jirgi tana katse wayoyi biyu a lokaci guda, mai kawowa da ta komawa. Abin da ya sa haka shi ne, jirgi baƙo ne, yau yana wannan matsaya gobe yana waccan, ba shi kuma da tabbacin cewa wanda ya haɗa turken bai juya wayoyin ba. In an juya su, ƙananan bireka da ke katse waya ɗaya kurum za su koma suna katse ta komawa. Mutum zai kashe na'ura ta daina aiki, ya buɗe ta zai gyara, alhali wuta na nan kwance a cikinta. Saboda wannan ne ake sa wata 'yar jar fitila a allo, mai nuna an juya wayoyi. Idan ta kama, kada a kunna kome, a cire waya a sanar da masu kula da matsayar.

A ƙarƙashin babbar bireka akwai ƙananan, kowace da reshenta da sunanta: hita, caja, soket, na'urar sanyaya ɗaki. Bireka irin ta gida tana da dabaru biyu a cikinta. Ta farko wani siririn falle ne na ƙarfe iri biyu a manne, waɗanda zafi ba ya miƙar da su daidai, don haka in wuta ta yi yawa ya ɗumama sai ya lanƙwashe ya saki maƙalin. Ta biyu naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu, ya fizge maƙalin nan take idan wayoyi biyu suka haɗu wuta ta yi ambaliya. Wani Bajamushe, Hugo Stotz, shi ya sami rajistar ƙirƙiro irin wannan ƙaramar bireka a 1924. A jirage sau da yawa akan sa wadda ke aiki da maganaɗisu da ɗan mai a cikin bututu, saboda zafin wuri ba ya ruɗa ta.

Mai jirgi yana bukatar ya iya ɗan lissafi. A ce yana da amfiya 30 a kan bolt 120. Hita mai wat 1,500 tana jan amfiya 12 da rabi. Butar lantarki mai wat 1,500 ita ma haka. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,200 tana jan amfiya 10. Jimla amfiya 35 ke nan, tun ba a sa caja ba. Kowace ƙaramar bireka za ta ga reshenta lafiya lau, amma babbar za ta faɗi. Masu sana'ar sukan ba da shawarar kada kayan da ke daɗewa a kunne su wuce kashi 80 cikin ɗari, watau amfiya 24. Idan kuwa bireka ta faɗi ba tare da an yi mata lodi ba, ruwa ba ya tsami banza. A nemi dalili, kada a yi ta mayar da ita, kada kuma a musanya ta da wadda ta fi ta girma, domin girman bireka da kaurin waya tare ake auna su.

Wannan ya kawo mu ga abin da mutane da yawa ba su gane ba, watau bireka waya take tsarewa don kada ta yi zafi ta kama wuta. Ko a wannan aikin ma tana da iyaka. Gishiri da danshi sukan sa ƙafafun fulogi su yi tsatsa, yawan cirewa da mayarwa kuma ya sa su saki. In turjiyar mahaɗar ta kai kashi ɗaya cikin goma na om, amfiya 30 kuma na ratsa ta, zafin wat 90 zai taru a wurin da bai fi kan yatsa girma ba. Robar za ta narke, gobara ta tashi, bireka kuwa ba za ta motsa ba, tun da wutar ba ta haura amfiya 30 ba. Saboda haka a riƙa taɓa fulogi bayan ya yi awa guda yana aiki. In ya yi zafi, ko an ga baƙin tabo a gindin ƙafafunsa, a sake shi tare da soket ɗin da yake shiga.

Jirgin da ke da janareta kuma yana da birekar janareta kusa da ta wutar tudu, da wata sakata a tsakaninsu wadda ba ta barin a kunna su biyun tare. Haɗa tushen wuta biyu a kan allo ɗaya yana ƙona kaya, yana kuma iya tura wuta baya zuwa tudu.

6. Yoyon wuta da hatsarin iyo

Yanzu mu dubi wayar ƙasa. An ɗaura ta ga jikin kowace na'ura mai ƙarfe, an kuma haɗa ta da jikin inji. Idan wayar da ke kawo wuta ta goge ta taɓa ƙarfe, wayar ƙasa tana ba wutar faffaɗar hanya ta komawa tudu, wuta ta kwarara da yawa, bireka ta faɗi. In kuwa wayar ƙasa ta tsinke, ko ba a haɗa ta da inji ba, wutar za ta bi farfela ta shiga ruwa tana neman tudu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A 1999, a wata matsayar jirage da ke bakin kogi a jihar Oregon ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 8 ya rasu yana iyo kusa da jiragen, sanye da rigar da ke hana nutsewa. Da farko an ɗauka nutsewa ce kurum. Da aka bincika, sai aka tarar a cikin wani jirgi wayar batir ta yi zafi ta narke a kan wayar wutar tudu, bolt 120 ya shiga inji da farfela, ya bazu cikin ruwa. Ba a haɗa wayar ƙasa da inji a wannan jirgi ba, don haka bireka ba ta faɗi ba. Mahaifin yaron ya koma ya koyi aikin lantarkin jirage, ya kuma duƙufa wajen faɗakar da jama'a.

Me ya sa wutar da ba ta isa ta ka da bireka ba take kisa? Mutum yakan fara jin wuta daga kimanin miliamfiya 1. Tsakanin 10 da 20 tsokoki sukan ƙage, ya kasa motsa hannu da ƙafa. Kimanin 100, in ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Bireka mai amfiya 30 kuwa ba ta ko kula sai wuta ta haura miliamfiya 30,000. Ashe miliamfiya 15, wadda ta isa ta sandarar da gwanin iyo har ya nutse, kashi ɗaya ce cikin 2,000 na abin da bireka ke jira.

Hatsarin ya fi tsanani a ruwan daɗi, watau na kogi da tafki. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, yana kuma ɗaukar wuta fiye da jikin mutum, don haka yawancinta takan kewaye mai iyo. A ruwan daɗi kuwa jikin mutum, mai jini da gishiri, shi ya fi ruwan sauƙin bi, sai wutar ta ratsa ta cikinsa.

Maganin da aka samo shi ne na'urar gano yoyo. Aikinta shi ne ta riƙa gwada wutar da ta shiga ta waya mai kawowa da wadda ta fito ta wayar komawa. In sun yi daidai, lafiya. In an sami giɓi, to wani kaso ya bi wata hanya, sai ta katse. Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya daɗe yana nazarin illar wuta ga jikin ɗan Adam, shi ya ƙirƙiro irinta a 1961. A ƙa'idar ABYC akan sa babba a mashigar jirgi, mai katsewa a miliamfiya 30 cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, a kuma sa ƙanana masu katsewa a miliamfiya 5 a soket na madafi da makewayi da ɗakin inji da sararin jirgi. Kundin ƙa'idojin lantarki na Amurka ya wajabta wa matsayan jirage irin wannan kariya a 2011 da iyakar miliamfiya 100, aka kuma rage ta zuwa 30 a bugun 2017. Kowace tana da maɓallin gwaji, ya kuma kamata a riƙa danna shi wata-wata.

Akwai wata ƙa'ida da ke tafiya tare da wannan. Wayar komawa da wayar ƙasa a tushen wuta kaɗai ake haɗa su, watau a tudu. In aka haɗa su a cikin jirgi yana kan wutar tudu, wutar da ke komawa za ta rabu, wani kaso ya bi ruwa kullum, ko da babu abin da ya lalace.

7. Cin ƙarfe

Wayar ƙasa tana ceton rai, amma tana zuwa da tata matsalar. Idan ƙarfe iri biyu suna cikin ruwa ɗaya, waya kuma ta haɗa su, sun zama batir, ɗaya daga cikinsu zai riƙa narkewa. Tun 1824 Humphry Davy ya nuna a Ingila cewa in aka manna tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da aka lulluɓe jirgi da shi, su za su ci, jan ƙarfen ya tsira. Har yanzu dabarar ke nan: ana ɗaura dunƙulen tutiya kusa da farfela don ya ci a madadinta.

To, a matsaya, wayar ƙasa ta haɗa dukan jiragen da ke jone da juna. Jirgin da tutiyarsa ta ƙare sai ya koma yana cin ta maƙwabcinsa, in ta ƙare kuma ya kama cin alminiyam ɗin jikin injinsa. Wasu masu jirgi, da suka ga haka, sai su yanke koriyar wayar. Wannan ceton farfela ne da ran mutum, kuma kuskure ne babba. Hanya ta gari ita ce a sa wata 'yar na'ura a kan wayar, wadda ke tare duk wutar da ba ta kai kimanin bolt 1.2 ba, irin wadda ke cin ƙarfe, amma ta bar babbar wutar hatsari ta wuce. Wadda ta fi wannan ita ce taransifoma mai raba jirgi da tudu, inda wuta ke tsallakawa ta hanyar maganaɗisu ba tare da wayar tudu ta taɓa wayar jirgi ba. Tana da nauyi da tsada, amma tana magance cin ƙarfe da juyewar wayoyi gaba ɗaya.

8. Kammalawa

Malam Shugaba, mun bi wutar tudu daga turke har zuwa farfela. Mun ga bireka tana tsare waya daga zafi, wayar ƙasa tana ba wutar da ta kauce hanyar komawa, na'urar gano yoyo kuma tana kama ɗan abin da bireka ba ta gani. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke wa 'yar'uwarta aiki. Mun kuma ga cewa miliamfiya 30 da babbar na'urar ke jira ta fi abin da ke sandarar da mai iyo, saboda haka ko an sa dukan waɗannan kaya, ba a iyo a matsayar da ke da wutar lantarki.

Wanda yake cikin ruwa ya ji jikinsa na tsikari, ya juya ya yi nesa da jirage da turaku, ya kuma ɗaga murya ya faɗi abin da yake ji. Wanda ke tudu kuwa kada ya faɗa ruwa don ceto, domin abin da ya kama na farko zai kama shi. Ya fara kashe wutar turke, sa'an nan ya jefa igiya ko ya miƙa sandar da ba ta ƙarfe ba.